Fistin na Huɗu

Babu ɗayanku da bai taɓa kawo mini ƙarar babanku a kan jan aiki ba. Rahila, ke kika ce mutum zai kawo masa mota yana saurayi, sai ya yi furfura zai karɓa. Yohanna kuwa a gabana ya ce masa garejin nan ba zai taɓa ci gaba ba, tunda maƙwabta kan sallami mota uku kafin shi ya rufe inji ɗaya. Murmushi kawai ya yi, ya ci gaba da abin da yake yi. Na kuma san maganar da kuka riƙa jiyowa a ƙauye in kun je hutu, wai motar babanku ce ta kashe kakanku a hanya. Kun ji kun haɗiye, ba ku tambaye shi ba, shi kuma ba mai faɗa ba ne. To yanzu ya tafi, wanda muka yi shiru dominsa shi ma ya bi shi, ni kuma idona ya fara gajiya. Bari in rubuta muku tun ina ganin layi.

Kun san mu Maguzawa ne na wani ƙauye a bayan Ƙarfi. Kakanku Sarkin Noma ne, kuma ba na suna kawai ba, ya noma dami dubu a damina ɗaya an yi masa biki an sha giya an yi rawa. Mutum ne da ba ya haƙuri da rabin aiki. In an yi masa gayya, sai kowa ya ajiye fartanya an fara wanke hannu za a ci tuwo, sannan zai zaga gonar shi kaɗai, hannu a baya. In ya tarar da kunya ɗaya da ciyawa, to wallahi tuwon nan sai dai ya huce, kowa sai ya koma. Autansa an haife shi ana tsakiyar noman farko, shi ya sa ya raɗa masa Nomau, kuma duk ƙauyen an san ba shi da kamarsa. Wannan Nomau shi ne babanku, kafin ya fara zuwa wajen 'yan mishan, a yi masa baftisma ya zama Ishaku.

Karatun bai dami tsohon ba. Abin da ya raba su akuya ce. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka akan yi yanka a tsafin gida, kuma a gidansu auta ne ke riƙe ƙafafun akuyar. A shekarar da ya yi baftisma aka kira shi, ya zo ya durƙusa, ya ce a yi masa haƙuri ba zai iya ba. Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Jatau, babban ɗansa, ya zo ya riƙe, aka yi yanka aka watse. Daga ranar bai sake kiran sunansa ba, tsohon sunan ko sabon, bai kuma sake yi masa magana baki da baki ba. Babanku zai je gaisuwa ya durƙusa a gabansa, sai tsohon ya juya ga wani na kusa ya ce a ba baƙon nan ruwa ya sha. Na ga wannan da idona bayan mun yi aure. Da zagi ne ko duka, da ya fi sauƙi.

Haka babanku ya tattara ya koma Funtuwa, ya koyi kanikanci a kan manyan motocin da ke ɗaukar auduga, ni kuma na bi shi. 'Yan shekaru bayan samun mulkin kai, wani Bature mai sayen auduga zai koma ƙasarsu, ya bar wata mota a bayan gidansa. Shi ma gadonta ya yi daga wanda ya riga shi, tun kafin babban yaƙin duniya aka kawo ta. Kaji ke ƙwai a cikinta. Da aka rasa mai so, babanku ya roƙa aka ba shi, aka turo ta har ƙofar gidanmu yara na bin ta da ihu. Mutanen unguwa suka sa mata Tsohuwa. Na ce masa maigida, mai ɗaki ɗaya da ciki a gaba, me zai yi da gawar Bature? Ya ce a ƙauyenmu mace in haihuwa ta gagara a kan ƙyaure ake ɗaukarta zuwa bakin hanya, da yawa kuma ba sa kaiwa. Gaskiya ya faɗa, amma ba ita ke nan ba. Ni da ke kwana ɗaki ɗaya da shi na san so yake wata rana tsohon ya ga abin da ya bar fartanya dominsa.

Ya kusa shekara a kanta, in ya taso daga gareji da ranakun da babu aiki. Komai ya samu ko ya ƙera, sai ringi. Ku matan ba lalle kun san shi ba. Zobe ne na ƙarfe, siriri kamar awarwaro, amma a yanke ta gefe guda, shi ake sa wa fistin don ya toshe ramin da yake hawa da sauka a ciki. Na Tsohuwa an daina yin su tun tuni. Sai a Kano ya samo na wata motar daban, sun ɗan fi girma, kuma iya adadin da ake bukata ne cif, ko ɗaya babu na ƙari. Dole kowane sai an ci bakinsa da magagari har ya zo daidai.

Aikin nan a tsakar gida ya yi shi, a kan tabarmata, don haka ni ma na iya shi da ido. Zai ɗauki ringi shi kaɗai ya sa a ramin, ya kifa fistin ya ɗan tura shi ƙasa don ya zauna sosai ba a karkace ba. Sai ya fito da wasu siraran ƙarafan awo masu kama da ganye, ya zura ɗaya tsakanin bakunan ringin biyu. In bai shiga ba, ya fito da ringin, ya ja magagari sau kaɗan daga waje zuwa ciki, ya shafa da yatsa ya ji ko akwai ƙaya, ya mayar ya sake gwadawa. Haka zai yi ta yi, sa, gwada, cire, har in gama tuwo yana kan guda ɗaya. Ƙarfen kuma mai saurin karyewa ne, in ya ƙalle sai an koma Kano. Rannan na gaji na ce masa, sabon abu ka sayo kana cinye shi, kuma wai da gangan kake barin ƙofa tsakanin bakunansa? Ya ce ƙarfe in ya ji wuta kumbura yake, in ba a bar masa wurin miƙewa ba bakunan za su haɗu, ya rasa inda zai je, ya cije ramin ya karye. In kuma ƙofar ta yi yawa, mota ta riƙa hayaƙi tana shan mai ba ƙarfi. Abin da aka ci kuma ba ya dawowa, shi ya sa ba ya sauri. Fistin huɗu ne a injin. Ya gama uku, ya jera kowanne da ringinsa a kan tsumma, saura na huɗu.

A nan Yaya Jatau ya same mu. Tsakiyar bazara ce, ya iso da hantsi a kan keke, a hanya ya kwana, leɓensa duk ya tsage. Ko ruwan da na kawo bai gama sha ba ya ce Baba ba lafiya. Cikinsa ya ɗaure ya kumbura, ba abin da ke wucewa, sai amai. An yi jiƙo an yi turare an yi yanka, babu sauƙi. An ce a kai shi asibiti Malumfashi ya ce ba mai ɗaukarsa a kan ƙyaure kamar gawa yana da rai. Da aka matsa masa, sai ya ce in wancan na Funtuwa ya zo da ƙarfensa da kansa, zai shiga.

Babanku yana durƙushe da magagari a hannu. Shekara da shekaru, wannan ne karo na farko da tsohon ya aiko a kira shi. Ya tashi ya je tasha ya nemi direban da zai shiga ƙauyen, ko don a fara ɗauko shi, duk suka ce ba sa sauka daga babbar hanya sai ranar kasuwa. Yaya ma ya ce ko sun yarda tsohon ba zai shiga motar wani ba, ai ya faɗi wadda zai shiga. Suka dawo tsakar gida suka tsaya a kan injin. Babanku ya ce ringin fistin na huɗu aikin rabin yini ne, in ya yi shi duhu zai same shi bai fara haɗa inji ba, tafiya sai jibi. Ya ɗan ci bakunansu da gaggawa iya yadda za su shiga ramin, ya zura mafi sirantar ganyen awon nan, ya ƙi shiga. Ya ɗaga magagari zai ƙara.

Yaya Jatau ya leƙa ramin ya ce, "Ba ga shi ya shiga ba? Me ya rage?"

Babanku ya fara yi masa bayanin kumburin ƙarfe, kamar yadda ya yi mini. Yaya manomi ne, kuma duk abin da ya sani a duniya shi ne ƙofa ɓarna ce, rumbu mai ƙofa ɓera ke ci, tulu mai ƙofa ba ya riƙe ruwa. Ya ga dai ƙanensa na wasa da ƙarfe ubansu na mutuwa. Ya miƙa hannu ya zare magagarin daga hannun babanku ya jefa a aljihun rigarsa.

Ya ce, "Ka ƙi maganar Baba sau ɗaya, mun gani. Yau ni ne gaba da kai. Haɗa."

Ku da kuka tashi a gari kuna musu da yayyenku a kan komai ba za ku gane nauyin wannan ba. A wurinmu ƙane ba ya sa hannu a aljihun wansa. Balle wanda dama an riga an yi masa tambarin mai ƙin ji. Babanku ya daɗe yana kallon ramin nan, sannan ya shafa wa ringin mai ya fara haɗawa. Da na kai masa abinci ya ce mini a hankali, yadda Yaya ba zai ji ba, in aka bi ta sannu kuma ba ta yi zafi sosai ba, za ta iya kaiwa. Na ce in ta yi zafi fa? Ni dai na ce ƙafata ƙafarsu, na kai ki gidan maƙwabta Rahila, na cika garewani biyu da ruwa saboda lagireto.

Da gari ya waye babanku ya sa ƙarfen tayarwa a gaba ya murɗa, ya murɗa, Tsohuwa ta yi tari ta kama. Duk unguwa aka fito kallo. A wata rana daban da na yi guɗa. Muka kama hanya da sanyin safe, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, yana tsayawa yana taɓa inji yana ƙara ruwa, Yaya na ta tsaki a baya. Lafiya lau ta kai mu har ƙofar gidan Sarkin Noma, inda mota ba ta taɓa zuwa ba.

Na ga tsohon na tsorata. Mutumin da ke cika ƙofar zaure ya koma ƙashi da ciki. Aka fito da shi, ya ce a tsaya. Ya dubi motar tun daga gaba har baya, ya dubi babanku da ke durƙushe, bai ce masa komai ba, ya ce wa Jatau a sa shi a ciki. Kafin a gama sallama da koke-koke rana ta take. Na zauna a baya ina tallafe da kansa da zane, abin da a ranar lafiya suruka ba za ta yi ba.

Tsakanin ƙauyen da babbar hanya akwai rafi, a bazara yashi ne zalla. Da safe mun ratsa shi ba nauyi. Yanzu ga mutum huɗu, ga rana, ƙafafun motar suka fara nutsewa, dole babanku ya taka ta da ƙarfi tana kuka kafin ta fita. Muna hawa tudu tsohon ya fara wani amai mai wari, idonsa ya juye. Yaya ya riƙa dukan bayan kujera yana cewa taka, taka mana, so kake ya mutu a nan? Na ga babanku ya dubi allurar zafi, ya waiwayo ya dubi ubansa, ya taka. Ba mu yi nisa ba muryar injin ta sauya, wani ƙara ya taso kamar ana buga ƙarfe a maƙera, motar ta yi wata girgiza ta tsaya cik. Ya fita ya sa ƙarfen tayarwa, ya hau kansa da dukan nauyinsa, ko motsi.

Akwai wata ɗorawa a gefen hanya, muka shimfiɗa tsohon a inuwarta. Yaya ya zuba da gudu zuwa babbar hanya neman taimako. Saboda haka abin da zan faɗa muku yanzu mu biyu kaɗai muka ji shi, ni da babanku. Na jiƙa wa tsohon baki da ruwa, ya buɗe ido. Babanku na tsugune nesa kaɗan, hannu duk baƙin mai, kansa a ƙasa. Tsohon bai juya gare ni ba yadda ya saba. Shi ya duba.

Ya ce, "Me ya kashe ta?"

Babanku ya ɗago kamar wanda aka mara. Ya matso ya yi masa bayani, muryarsa na karyewa, yadda ƙarfe ke kumbura, yadda ake bar masa wuri, yadda ya yi wa uku ya bar na huɗu a matse. Tsohon yana saurare da idon nan nasa na zagayen gona.

Ya ce, "Huɗu ne, ka yi uku ka bar ɗaya?"

"I, Baba."

"Wa ya sa ka?"

Na buɗe baki, wallahi na buɗe, babanku ya riga ni. Ya ce, "Ba kowa."

Tsohon ya ja numfashi da ƙyar. Can ya ce, "Nomau, a gidana ka koyi barin kunya ɗaya?"

Ban taɓa ganin babba ya yi kuka irin na ranar ba. Ya kifa fuskarsa a kan tabarma kusa da hannun ubansa, tsohon ya ɗaga hannun ya ɗora masa a ka ya bar shi a nan. Tsohon ya ce in an binne shi, ya buɗe motar ya gama aikinsa. Daga nan bai ƙara magana mai ma'ana ba. Kafin Yaya ya dawo da wata motar itace da ya tare, Sarkin Noma ya cika, hannunsa na kan babanku.

Kada ku tambaye ni ko da an tsaya an gama ringin da mun same shi da rai. Ban sani ba. Na juya wannan a raina har na gaji, wata rana in ce da ya kai, wata rana in ce da jibin nan gawa za mu tarar, babanku kuma bai ji sunansa ba har abada. A ƙauye kuwa ba su sha wahalar tunani ba. Wasu suka ce iskokin gida ne suka ƙi motar wanda ya guje su, wasu suka ce ɗan gari ya zo da ruɓaɓɓen ƙarfe ya kashe ubansa. Yaya Jatau na zaune ana faɗa bai ce uffan ba. Ni jinina ya tafasa, na ce zan tashi a gaban kowa in faɗi a aljihun wa magagari yake. Babanku ya riƙe ni ya ce Yaya gudu yake ya ceci Baba, da abin da ya sani ya yi, kuma shi zai riƙe gidan nan da mutanen cikinsa, kada a ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Na yi shiru don ya ce in yi, ba don na yarda ba. Na shekara da yawa ina gaida Yaya da leɓe kawai.

Da shanu aka jawo Tsohuwa zuwa bakin hanya. Da babanku ya buɗe ta, ringin ya karye gutsu-gutsu ya kakkarce ramin. Sai da wata damina ta wuce ta biyu ta zo kafin ya samu yadda za a gyara ramin da wasu ringin. Ya sayi sabon magagari, bai taɓa tambayar Yaya na farkon ba. Ya zauna a kan tabarmata ya yi na huɗun nan a tsanake, ya sake auna sauran ukun ma. Da farko mutanen ƙauye sun ƙi shiga motar. Wadda ta fara shiga matar Yaya ce, haihuwa ta zo mata a gicciye. Muka ratsa rafin nan, muka wuce ɗorawar nan, Yaya na zaune a baya riƙe da ita, ko sau ɗaya bai ce a taka ba. Tankon da kuke wasa da shi, a asibitin Malumfashi aka ciro shi ranar. Bayansa Tsohuwa ta kai mata da yawa, har ta tsufa da gaske. Babanku kuwa daga wannan shekarar ba a sake samun wanda ya sa shi rufe inji bai gama ba, ko Alhaji ne ko ɗan sanda, ko ɗansa na cikinsa.

Ranar da muka binne babanku kuna ta hidimar baƙi, ba ku lura ba. Yaya Jatau ya zo, Tanko na riƙe da hannunsa don idonsa ya tafi. Ya jira har mutane suka ragu, ya sa aka kira ni. Ya laluba aljihu ya fito da wani abu naɗe a tsumma ya ajiye a gabana. Na buɗe, magagarin ne. Ko ɗigon tsatsa babu, yana ta ƙamshin man gyaɗa.

Ya ce, "Kullum ina cewa in na zo gaisuwa zan ba shi."

Ya daɗe yana murza gefen tabarma, sannan ya tambaye ni ko a gindin ɗorawar nan, bayan ya tafi, Baba ya yi wa ƙanensa magana. Ashe duk tsawon shekarun nan bai sani ba, bai kuma iya tambaya ba. Na ce ya yi masa, har ya kira shi Nomau, ya ɗora masa hannu a ka. Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa.

Ya ce, "Ya faɗa masa ni ne?"

Na ce, "Baba ya tambaya. Ya ce masa ba kowa."

Hawaye na ta bin gemun Yaya bai share ba. Na kawo masa tuwo, ya zauna a gabansa har ya huce, Tanko ya zo ya ɗaga shi suka tafi. A ranar na gaishe shi na yi masa sallama da zuciyata, karo na farko tun bazarar nan. Magagarin yana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa. Yohanna, in ka zo ka ɗauka, har yanzu yana ci.